Shirwa da 'Yan Tsaki: Yadda Za Ki Tsallakar da Su Sati Shidan Farko

Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, in ji masu iya magana, amma mai kazar ta fi kazar jin zafin abin. Kin tara ƙwai 12, kin haƙura da ci kin haƙura da sayarwa, kaza ta kwanta kwana 21, ta fito miki da tsaki 10 ras da su. Kafin wata ya zagayo saura 3. Masu binciken kiwon kajin gida a ƙauyukan Afirka sun sha tarar da cewa rabin tsakin da ake ƙyanƙyashewa, wani wurin ma fiye da rabi, ba sa kaiwa wata biyu. Ba duka shirwa ke ɗauka ba, akwai cuta, akwai sanyi, akwai yunwa. Sai dai dabarar da ke raba su da shirwa ita ce kuma ke rage yawancin sauran, shi ya sa ta cancanci a yi ta da kyau.

Dabarar ta tsaya ne a kan abu ɗaya. Shirwa, duk da faɗin fikafikanta da ya kusa mita 1.5, nauyinta yawanci bai kai kilo 1 ba, kuma ƙafafunta ba su da ƙarfin na gaggafa. Da ƙafa take sura, a guje, ba tare da ta sauka ba. Abin da ya yi mata nauyi ba ta iya tashi da shi. Saboda haka ɗan tsako ba ya cikin haɗarinta har abada, sati 6 ne kawai, in girmansu na tafiyar hawainiya a ce 8. Aikinki shi ne ki tsare waɗannan satuttukan.

Da farko ki gane ɓarawon

Kafin ki kashe ko sisi, ki riƙa ƙirga tsakin sau biyu a rana, da safe in kin buɗe akurki, da magariba in za ki rufe. In kin rufe 9 kin wayi gari da 8, ki wanke shirwa daga zargi, ba ta farautar dare. Wannan aikin gafiya ne ko ɓera ko muzuru ko maciji, sai ki nemi ramin da suke shigowa ki toshe. In kuwa tsakanin safe da yamma adadin ke raguwa, to ki ɗaga kai.

Shirwa ba ta da wuyar ganewa. Launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, jelarta a tsage take a tsakiya, tana murza ta hagu da dama tana sarrafa iska. Ba ta ɓuya, a sarari take shawagi tana kewaya unguwa. Wadda muka fi sani bakinta rawaya ne. Akwai kuma mai baƙin baki da ke tsallako mashigin Jibralta daga Turai ta yi lokacin sanyi a Afirka. Ta fi yawan shawagi daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana ta gasa ƙasa iska mai zafi take tashi sama, ta hau ta ba tare da ta wahalar da fiffike ba.

Shaho dabam ne. Shi laɓewa yake yi a cikin ganyen bishiya ko kan katanga, ya fito ƙasa-ƙasa da gudu, kuma yana iya kashe ɗan kazar da ya fi ƙarfin shirwa. Hankaka kuwa sauka yake yi ya taka da ƙafa, ya fi son ƙwai da tsakin kwana biyu-uku. Ungulu dai zarginta ake yi a banza, mushe take ci.

Ki haɗa keji tun kaza na kan ƙwai

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira sai an ɗauke tsako biyu sannan a fara neman kwando. Kina da kwana 21 tun daga ranar da kaza ta kwanta, sun ishe ki.

In akwai hali, a kai wa kafinta awo: tsawo ƙafa 5, faɗi ƙafa 3, tsayi ƙafa 2. Wannan ya ishi uwa ɗaya da tsaki 10 zuwa 12. A yi firam da katako siriri don ya ɗauku, a kewaye shi da wayar raga ta gefe huɗu da sama. A nan sai kin tsaya da kanki ko maigida ya tsaya, domin mai shago zai miƙo raga mai idon inci ɗaya, ita ta fi arha. Tsakon satin farko yana ratsa ta ya fita, kuma in ya fita ba ya gane hanyar komawa, sai ya tsaya gefen keji yana kuka, uwar na ciki ba ta iya yi masa komai. Ki nemi mai idon rabin inci, ko da gindin gefunan kejin kaɗai ne za a kewaye da ita.

Kada a yi wa kejin daɓe. A bar ƙasansa a buɗe don tsakin su taka ƙasa su yi tono, kuma don ki riƙa jan shi zuwa sabon wuri kullum ko bayan kwana biyu. Kashin da ya taru wuri ɗaya shi ke haddasa gudawa mai jini da tsutsar ciki. A rufe kashi ɗaya cikin uku na saman da abin da zai ba da inuwa ya tare ruwa. In kwano aka sa, a ɗora masa zana ko buhu, don da bazara kwano tsirara dafa su zai yi. Duk inda kika ajiye kejin, ki tura ƙasa ki toshe gefen da bai zauna daidai ba, ki ɗora dutse a sama saboda iska da awaki.

In babu kuɗin kafinta, babban kwando mai sarari-sarari da aka kife yana aiki. Haka ma ɗan shinge na kara ko ƙirare da aka rufe samansa da tsohuwar komar masunta. Sharaɗin dai saman ya rufu ruf. Shinge mai buɗaɗɗen sama tara wa shirwa tsakin kawai ya yi wuri ɗaya. Wasu na amfani da gidan sauro, ba laifi in wanda ya riga ya yayyage ne aka wanke shi, amma kada a cire na kan gadon yara saboda kaji.

Uwa biyu ba sa zama keji ɗaya. Kowacce za ta sari 'ya'yan ɗayar. Da dare kuma kejin tsakar gida ba wurin kwana ba ne, a mayar da su akurki ko wani ɗaki mai ƙofa, a shimfiɗa musu busasshen ɓuntu ko ƙaiƙayi. Tsakon satin farko yana buƙatar ɗumi na wajen digiri 32 zuwa 35, uwarsa ce ke ba shi, alhali daren hunturu a Kano ko Zinder yakan faɗo ƙasa da 15.

Ciyarwa, inda yawanci ke karaya

Kaza da aka saki tana nemo wa 'ya'yanta ƙwari da tsutsa da ɗanyen ganye. Ranar da kika rufe ta, wannan nauyin ya dawo kanki gaba ɗaya. Mata da yawa sun rufe tsaki sati biyu suna watsa musu dusa da tsaba kaɗai, tsakin suka ƙanjame, sai aka ce ai kulle ba ya karɓar kajin Hausa. Kullen ba shi da laifi, abincin ne bai kai ba.

Ki bari ƙyanƙyasa ta kammala kafin ki ɗaga uwar. Tsako yana fitowa da sauran kwaiduwa a cikinsa wadda ke riƙe shi kwana biyu ko uku, babu gaggawa. Abin farko da za ki ba su ruwa ne. Ki sami gwangwanin tumatir ko na madara, ki huda ƙaramin rami kusa da bakinsa, ki cika da ruwa, ki kife faranti a kai, sannan ki juya su tare. Ruwan zai riƙa fitowa kaɗan-kaɗan daidai tsayin ramin. In kasko za ki sa, ki zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa. Tsakon da ya jiƙe da sanyin safiya da wuya ya kai yamma. A wanke mazubin a sauya ruwan kullum.

Mafi sauƙin abinci shi ne na buhu, wanda masu shago ke kira sitata, mai sinadarin gina jiki wajen kashi 20 cikin 100. Tsakon Hausa ɗaya bai cika cin fiye da kilo 1 ba daga ƙyanƙyasa zuwa sati 6. Ke nan tsaki 10 ba za su cinye rabin buhu mai kilo 25 ba. Ki auna kuɗin wannan da kuɗin kaji 5 ko 6 da za ki tsira da su, musamman in girmansu zai dace da Sallah. Ana sayar da shi a kwano-kwano, amma ki sansana, in yana warin fumfuna ki bar shi.

In haɗin gida za ki yi, ga ma'auni mai sauƙin riƙewa: kashi 3 na ɓarzajjen gero ko masara ko dawa, kashi 1 na busasshiyar tunkuza ko niƙaƙƙen waken suya. Waken sai an soya shi tukuna, ɗanyensa yana hana tsako narkar da abinci. Ƙuli-ƙulin kasuwa in ya sha gishiri da yaji bai dace ba, gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa guba ce gare su. A kan wannan haɗin ki ƙara ɗan garin busasshen kifi, irin ɓurɓushin da ke ƙasan kwandon masu sayarwa, da ɗan ƙonannen ƙashi dakakke, da gishiri ɗan tsunkule. Ki yayyanka musu ganyen zogale ko alayyafo. A kwanakin farko dafaffen ƙwai ɗaya da aka murmushe yana tayar da su sosai.

Gara kuma kyauta ce, kuma babu abin da tsako ke so kamarta. Manoma a Burkina Faso da arewacin Gana da Togo sun daɗe da wata dabara: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara da totuwa, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara da yamma, a rufe da ganye don kada ta bushe. Washegari ko jibi da sassafe a ɗauko, a zazzage wa tsaki. Ki guji manyan nan masu jan kai da ke cizo, suna iya maƙale wa ƙaramin tsako a maƙogwaro. Kuma kada a kafa tukunyar kusa da ɗaki ko rumbu.

Sauran matsala ita ce uwar. Kaza ɗaya tana iya cin abin da tsaki 8 na satin farko za su ci. Maganinta shi ne ki fara ba ta tsaba ta cika maƙoƙo, sannan ki sa abincin tsakin ƙarƙashin wani ƙaramin kwando a cikin kejin, mai ƙofofi faɗin yatsa uku. Su za su shiga su fita, ita kanta kawai zai leƙa. Ki ba su sau 3 ko 4 a rana, kaɗan-kaɗan, ya fi a jibge musu su tattake.

Sakin su daki-daki

Sati biyun farko babu fita ko kaɗan. Ko an ce miki sama fes take, kada ki yarda.

A sati na 3 da na 4 ki fara sakinsu bayan la'asar, na kamar awa ɗaya, da mutum a tsakar gida. Yamma ta fi safe don dalili biyu: shawagin shirwa ya ragu, kuma duhu na gabatowa uwar da kanta za ta ja su zuwa makwanci. Ki ciyar da su kafin ki buɗe, tsakon da ya ƙoshi ba ya nisa. Yaron da aka sa gadi ya zauna kusa da su, don daga bakin zaure ihu kawai zai iya yi bayan an gama.

A sati na 5 da na 6 a ƙara lokacin, a haɗa da safiya. Da damina a jira raɓa ta bushe. Tsakiyar rana dai su koma keji. Bayan nan ki duba jikinsu maimakon kalanda: in gashi ya rufe su gaba ɗaya, sun kai girman kurciya, shirwa ta kusa haƙura da su. In har yanzu ƙanana ne, a ƙara sati biyu.

Akwai ranakun da za ki mayar da kowa ciki ko da sun fara girma. Kwanakin layya, lokacin da kowane gida ke shanya nama, shirwa na cika gari har ta fizgi tsoka daga tiren da yaro ya ɗauko a ka. Haka ranar da aka cinna wa daji ko gona wuta kusa da ku, tana bin hayaƙi don kama farar da ke gudu. Haka in shinge, wato gara mai fiffike, ya fito bayan ruwan farko. A yankinmu ta fi yin sheƙa da rani, a kan dogayen itatuwa irin rimi da maɗaci da giginya, tana haɗawa da tsumma da leda. Takan yi ƙwai 2 ko 3, ta kwanta kusan wata guda. In akwai sheƙa kusa da gidanki kuma 'ya'yan sun fito, ƙarfin halinta ninkuwa yake yi.

Gyaran tsakar gida

Tsakar gida da aka share tas, babu ko tsinke, ita shirwa ke so, don tana buƙatar fili ta shigo ta fita da faɗin fikafikanta. Tsako kuma da ya ji gargaɗi, 'yan daƙiƙu yake da su ya sami mafaka. Ki tabbatar duk inda yake, akwai wurin shiga cikin taku uku ko huɗu. Ƙarƙashin rumbu mafaka ce ta asali. Ki ƙara da 'yan rumfuna masu tsayin gwiwa, da zana da aka jingina a bango, da tsohon kwando da aka tokare gefensa da dutse. Lalle ko lemun tsami a gefen gida, ko kabewa da ta hau danga, duk suna taimakawa.

Sannan a ja igiyoyi a sama. Igiyar leda ko ta buhu, daga katanga zuwa katanga, sama da tsayin mutum, tazarar da ba ta kai mita 1 ba tsakaninsu, wasu kuma su gitta. A ɗaura tsummoki don a gan su. Tsuntsu mai dogon fiffike ba ya son kutsawa inda zai sarƙe. Wannan ya fi tasiri a kan shirwa fiye da shaho, wanda ya saba ratsa rassa.

Ki riƙe zakara ɗaya mai hankali, kada a yanka shi don baƙo. Kaji suna da kukan gargaɗi iri biyu, ɗaya na abin da ke tafe ta sama, ɗaya na abin da ke tafe ta ƙasa, kuma zakara ne ya fi yawan ɗaga kai. Zabi ma ƙararrawa ne, in kina iya jure surutunsu.

Abin da ke kiran shirwa gida kuwa sau da yawa mu ne. Hanjin kaza, gashin da aka fige, ruwan wankin nama, ɓeran da tarko ya kama aka jefar bayan katanga. A binne su. Kazar da ta mutu da ciwo musamman, a haƙa rami mai zurfi, kada a kai ta bola. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 malaman dabbobi ke nanata wannan. Wadda gidanta ke kusa da kwata ko kasuwar kifi ko babbar bola, ta ɗauka kawai sati 8 ne nata.

Abubuwan da ba za ki dogara da su ba

Rina tsaki da galura ko maganin shafa wa ciwon nan da ake kira jibi (GV), su koma ja ko shuɗi, ana yin sa a Najeriya da gabashin Afirka, da nufin shirwa ta kasa gane su. In za ki yi, ki shafa a baya kawai da rana tsaka, ki kiyaye ido, kuma ban da fenti ko rinin gashi. Amma launin a jikin gashin jarirai yake, daga sati na 2 zuwa na 3 sabon gashi ya fara rufe shi, daidai lokacin da za su fara fita. Faifan CD da madubi da mutum-mutumi suna razana ta kwana kaɗan, in ba a riƙa sauya musu wuri ba sai ta saba. Danƙon yara ya fi fasa gilashin maƙwabta. Ko an dace an kashe ɗaya, wata za ta maye gurbinta muddin abin da ya kawo ta farkon yana nan.

Sa guba a nama kuwa, kada ki yi, kada ki bari a yi a gidanki. Naman da aka barbaɗa wa maganin ƙwari ba ya zaɓen mai ci: kare, kyanwa, kajinki, ko yaro mai rarrafe. Shirwa na iya ɗaukarsa ta yar a gidan wani. Ungulu ma na mutuwa da yawa ta wannan hanyar, ga shi tun 2015 hukumar kare halittu ta duniya (IUCN) ta sa irin ungulun da muka saba gani a kwata cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Shirwar kanta tana rage mana ɓeraye da fara da mushe.

Riga-kafi da yaye

Babu amfanin tsare tsako daga sama cuta ta share shi daga ƙasa. Annobar da ke kwashe kajin gari gaba ɗaya, musamman da hunturu, mai sa kore-koren zawo da murɗewar wuya, ita ce malamai ke kira Niyukasil. Ba ta da magani in ta kama, riga-kafi kawai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin wani nau'i mai suna I-2 wanda ya fi sauran jure zafi, an yi shi ne domin kajin ƙauye. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido, har da tsaki, a maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba a ajiye ta, don haka ku haɗu da maƙwabta ku kira malamin dabbobi rana ɗaya. Kazar da aka sayo daga kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta sati 2 kafin ta shiga cikin sauran.

Daga sati na 4 zuwa na 6, in ba lokacin sanyi ba ne, kina iya fitar da uwar ki bar tsakin a keji. Kazar da aka raba da 'ya'ya da wuri takan koma ƙwai da wuri, maimakon ta yi wata biyu ko uku tana jan su. Da hunturu ki bar ta da su har gashinsu ya cika.

Masu sa wa kaza ƙwan zabi su lura da abu biyu. Ƙwan zabo yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, don haka in za a haɗa da na kaza, sai a sa na kazar bayan sati ɗaya, in ba haka ba uwar za ta tashi da tsakinta ta bar sauran su huce. 'Yan zabi kuma sun fi tsakin kaza ƙanƙanta da son yawo, ba sa jure jiƙewa, suna ratsa ragar da ta tare tsako. Su kam raga mai idon rabin inci dole ce, kuma a ba su sati 8 cikakku kafin a sake su.